Godiya Ga Maƙwabtanmu Na Unguwar Boro Da Ma'aikatan Asibitin Barnawa

Jama'a, ku yi mini izini in yi godiya a gabanku, domin alherin da aka yi wa gidanmu ya wuce a faɗe shi a zaure kawai.

Ƙanena ya daɗe yana fama da waswasi. Sai ya yi alwala, ya ji kamar ruwa bai taɓa gwiwar hannunsa ba, ya sake, ya kuma sakewa, har a sallame salla yana riƙe da buta. Daga baya abin ya kai ga wanke hannu da sabulu har fata ta tsattsage, da tashi cikin dare duba sakatar ƙofa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ya san babu dalilin yin haka, amma in ya ƙi yi sai fargaba ta lulluɓe shi. Ɗinkinsa ya tsaya. A dangi kuwa, wasu su ce sammu, wasu su ce iska.

Maƙwabciyarmu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ita ta kira ni gefe ta ce, "Ɗana, wannan ciwo ne, kuma yana da magani." Ta fasa zuwa zumuntar mata ta cocinsu, ta raka mu Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa. Mama, Allah Ya saka miki da alheri, Ya albarkaci zuri'arki.

Likitan da ya duba shi bai yi masa dariya ba, bai katse shi ba. Ya ce cutar ce da suke kira OCD, tana kama kusan mutum 2 cikin 100: tunani maras daɗi ya dinga kutsowa, mutum ya dinga maimaita wani aiki don ya sami sauƙi, har ya cinye masa fiye da awa guda a yini. Ya rubuta ƙwayar magani, ya gargaɗe mu cewa takan kai mako 8 zuwa 12 kafin a ga amfaninta sosai. Aka kuma koya masa ya taɓa abin da yake ƙyama, ya daure bai wanke hannu ba, da kaɗan-kaɗan har fargabar ta lafa da kanta. Mu ma an hana mu yi ta tabbatar masa cewa ƙofa a rufe take.

Limaminmu ya zaunar da shi ya ce mai waswasi ba ya bin shakka, alwala ɗaya ta wadatar, kuma ya riƙe maganinsa. Mai kurar ruwan layinmu ya yi ta ajiye mana jarka bashi, bai taɓa tambayar ina ruwan ke tafiya ba. Wallahi har yanzu kunyar mutumin nan nake ji.

Alhamdu lillahi, yaro ya koma kan keken ɗinkinsa, yana samun jam'i. Waswasin kan leƙo, amma ya san yadda zai yi da shi.

Mun gode, mun gode, Allah Ya bar zumunci. Mai karatu, ka taya mu yi musu addu'a, in kuma kana da mai irin wannan a gida, ka kai shi ga likita.