Hutun hunturu a ƙauyen Breb

Da yawanku kun matsa sai na ba da labarin zuwana Romaniya a Disambar 2018, to ga shi.

Ƙanena ke karatun likita a birnin Cluj, sai abokin karatunsa ya gayyace mu hutun Kirsimeti a ƙauyensu Breb, can yankin Maramuresh, kusa da iyakar Yukren. Sanyi kam ba a magana. Hunturun Kano wasa ne. Dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya yi, kowa ya koma gindin murhun itace.

Abinci ne ya fi damuna tun kafin mu isa, domin ranar 20 ga Disamba, wadda suke kira Ignat, ita ce ranar yanka alade. Allah da ikonsa, mutanen gidan 'yan cocin Otodoks ne, suna azumin kwana 40 kafin Kirsimeti, ba nama ba madara. Saboda haka wake da kabeji da mamaliga muka yi ta ci tare, mamaligar nan kuwa tuwon masara ce sak. Da azumin ya ƙare, sai tsohuwar gidan ta ware mana tukunya dabam ba tare da mun roƙa ba. Giyarsu ce dai sai da na ƙi karɓa ya fi sau goma kafin su haƙura.

Daren 24 ga wata yara suka riƙa bi gida-gida suna waƙa, ana ba su tuffa da burodi da 'yan kuɗi, abin ya tuna min da tashe.

Amma abin da ya tsaya min a rai gidajen ne. Gefen tsofaffin ɗakunan katako masu ƙofofi sassaƙaƙƙu, sai ka ga bene na bulo, fenti fes, tagogi a rufe. Masu su suna Italiya da Faransa da Sifen wajen neman kuɗi, musamman tun shigar ƙasar Tarayyar Turai a 2007. A 1992 mutanen Romaniya sun kusa miliyan 23, a ƙidayar 2021 sun dawo wajen miliyan 19. Mako biyu ƙauyen ke cika da motoci masu lambar waje, sannan a watse a bar tsofaffi da makullai.

Ban buƙaci tafinta ba a nan. Shekara 26 ina Ibadan, na gina gida a Kano wanda ba na kwana cikinsa sai da Sallah, 'ya'yana kuma Yarbancinsu ya fi Hausarsu. Jikar tsohuwar ma da Italiyanci take amsa wa kakarta. Tsohuwar tana da ɗaki a sabon benen ɗanta, amma a tsohon ɗakinta na katako take kwana. Kullum da safe takan shiga benen ta share, ta kulle, ta fito.