Baƙuwar Ranar Talata

Ina tsakiyar rubuta kundin digirina na uku a Ingila Allah ya ba mu tagwaye. Da a gida ne, da tuni maiɗakina ta tafi wankan jego wurin iyayenta, ga kunun kanwa, ga hannuwa goma masu karɓar jinjiri. A can kuwa daga ni sai ita, sai sanyi. Har ta kai nakan dawo daga laburare in tarar tana kuka tare da yaran.

Wata jami'ar lafiya ce ta haɗa mu da Home-Start, ƙungiyar da Margaret Harrison ta kafa a Lesta a 1973, mai tura 'yan sa-kai gidajen masu ƙananan yara. Da fari na ƙi. A ganina, abin kunya ne baƙuwa ta san sirrin gidana.

Dattijuwar da aka turo takan zo kowace Talata, ta yi awa 2. Ba ta taɓa yi mana wa'azi ba. Sai ta rungumi Hassan, tana jijjiga gadon Husaini da ƙafa, ta ce wa uwarsu ta je ta yi barci. Ni kuwa, saboda girman kai, sai da aka yi wata guda kafin na gaishe ta da sakin fuska.