Daga Gona Zuwa Fada

Kowa ya saurari waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo sai ya ce na fada ne, amma asalinsu gona. An haife shi a ƙasar Bakura. Ubansa, Usman Ɗankwanda, makaɗin noma ne, yakan bi manoma wurin gayya yana zuga su. Daga baya gidansu ya koma Maradun, suka zama makaɗan Sarkin Kaya, suna kaɗa kotso. Musa ya daɗe yana yi wa wansa Abdu Kurna amshi kafin ya shugabanci nasa yara.

To, aikin makaɗin noma biyu ne, ya yabi wanda ya wuce gaba, ya kunyata rago. Haka aka ɗauko abin aka kai fada. Yabon ya zama kirarin sarki, kunyatarwar ta zama zambo ga ɗan sarkin da ke harin gadon. Ba a faɗin sunansa, amma duk mutanen gari sun san da wa ake. In kuwa makaɗi ya jero kakannin sarki, tarihi ne yake karanta wa wanda bai iya karatu ba.

Sunan Ɗanƙwairo ya game ƙasa sa'ad da ya waƙe Sardauna Ahmadu Bello. Ya rasu a 1991.

Yau samari suna jin waƙoƙin, amma zambon da tsohuwar Hausar Zamfara sun shige musu duhu. Dattawan da suka san ma'anarsu a Mafara da Bakura da Maradun suna ƙarewa. Wanda Allah ya ba alƙalami, ya kamata ya tambaye su ya rubuta tun suna da rai.