Ɗalibata mai son karatun ƙashi

Bara, bayan jarrabawar bak, wata ɗalibata ƴar Jiratawa ta iske ni gida nan Maradi ta ce: "Malam, ƙasusuwan mutane nake son karanta." Na yi dariya, na zaci ɗorin karaya take nufi. Ashe tana maganar masu duba ƙashin da aka tsinta a daji ne, su gano ko na wane ne.

Kawunta ya bi hanyar Arlit zuwa Aljeriya, yau shekara tara ba labari. Matarsa ba ta yi takaba ba, ba a raba gado ba, gonarsa kowa na tsoron taɓawa. Mu malamai mun san irin wannan gida, don ƴaƴansa ne ke zaune a gabanmu. A watan Oktoba na 2013 an samu gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara, 33 mata, aka binne su can. Sau da yawa ina tambayar kaina iyalai nawa ne suka samu tabbaci.

Ƙashi kuwa yana ba da shaida. Na ƙugu yana bambanta mace da namiji. Na cinya ana lissafa tsawon mutum da shi. Haƙoran yaro sun fi kowa faɗin shekarunsa, tunda turmin farko na dindindin yana fitowa wajen shekara 6. Tsohuwar karaya ma tana barin tabo. Daga ƙarshe a gwada DNA da na uwa ko na ɗa. A Ajantina, ɗalibai ƙalilan ne Ba'amurke Clyde Snow ya koya wa aikin a 1984, suka shiga tono waɗanda mulkin soja ya ɓatar.

Na ce mata ta fara da karatun likita a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ƙwarewar ta biyo baya.

Mahaifinta ne ya ƙi. Ya same ni ranar Laraba a kasuwar Tibiri ya ce: "Malam, wa zai auri mai jagwalgwala gawa?" Na ce: "Alhaji, mai wankan gawa ai ba mu ƙyamarsa." Muka jima tsaye. Da zai tafi sai ya juyo ya tambaye ni ko karayar da mutum ya yi yana yaro za ta nuna bayan shekaru. Na ce sau da yawa tana nunawa. Ya ce: "Ƙafar hagu ce, daga amalanke ya faɗo."