Nassarawa a Cikin Tsohon Hoto

Duk wanda ya dubi tsohon hoton Nassarawa, irin baƙi-da-farin nan, sarari zai fara gani: miƙaƙƙiyar hanya, inuwar darbejiya, da gida guda can nesa. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, nan suka kafa unguwarsu, nan kuma Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a 1909. Yau kuwa an yanyanka filayen, kantuna da dogayen katangu sun cika bakin titi. Rashin launi yakan tsayar da ido kan inuwa da tazara, wato abubuwan da unguwar take rasawa. Saboda haka wajibi ne manazarta Hausa su tattara hotunan nan, su rubuta sunan kowace hanya a bayansu, tun dattawan da suka san wuraren suna raye.