Mutum uku aka kashe a labarin nan, ba ɗaya ba

Jiya da daddare wani tsohon ɗalibina ya turo min bidiyon minti ɗaya, wai an taƙaita gajeren labarin nan na Liam O'Flaherty mai suna "The Sniper". Ya rubuto a ƙasa: "Malam, ka ga yanzu an huta da karatu." Na saurara. Mai maganar ya ce soja ya harbe abokin gaba, ya je ya juya gawar, ashe ɗan'uwansa ne, saboda haka yaƙi ba shi da kyau. Iyakar abin ke nan. Ku da kuka daɗe kuna bina kun san ba na son wannan yayi na tauna wa mutane littafi a zuba musu a baki, na sha faɗa a nan har wasu suka ce na cika mita. To yau mitar ta fi ta kullum, domin an yi wa labarin nan sata, kuma ba mai bidiyon kaɗai ke yin ta ba. Malamai da yawa haka suke koyar da shi.

Mutum uku maharbin nan ya kashe a dare guda. Kowa ɗan'uwan yake tunawa.

Bari in ɗan gyara wa waɗanda ba su san asalin rikicin ba. A watan Disambar 1921 aka ƙulla yarjejeniya tsakanin Birtaniya da 'yan gwagwarmayar Ayilan. Wasu suka karɓa, wasu suka ce an sayar da jamhuriyar da suka zubar da jini dominta, tun da har yanzu za a riƙa yi wa sarkin Ingila rantsuwar biyayya. Rundunar da ta yaƙi Turawan mulki tare ta rabu biyu. Ranar 28 ga Yunin 1922 sojojin sabuwar gwamnati suka fara ruwan igwa a kan ginin kotunan Four Courts a Dublin, inda masu adawa da yarjejeniyar suka ja daga. A cikin waɗannan kwanaki O'Flaherty ya dasa labarinsa, a kan rufin wani gida kusa da gadar O'Connell. Shi kansa ba baƙon bindiga ba ne. Ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya a cikin rundunar Birtaniya, ya samu rauni a Beljiyam a 1917, kuma a yaƙin basasar yana ɓangaren masu adawa. Labarin ya fito a wata jaridar Landan mai suna The New Leader a Janairun 1923, lokacin ana kan kashe juna, don sai a watan Mayu aka ajiye makamai.

Yanzu ku dubi yadda abin ya gudana. Saurayi ne mai fuskar ɗalibi, yana kwance a kan rufi, bai ci komai ba tun safe. Ya ci ɗan burodinsa, ya kunna taba duk da ya san haɗarin, nan take harsashi ya zo daga rufin tsallaken titi. Sai motar sulke ta haye gada ta tsaya. Wata tsohuwa lulluɓe da yagaggen mayafi ta fito daga lungu, ta yi wa na cikin motar magana, ta nuna rufin da yake. Sojan ya leƙo da kai, maharbi ya harbe shi. Tsohuwa ta juya da gudu za ta koma lungu, ya sake harbi, ta faɗi a cikin kwata.

Da gudu fa take. Ta riga ta faɗi abin da za ta faɗa, wanda ta faɗa wa ya mutu, kashe ta bai ƙara wa maharbin tsaron komai ba. Wannan ita ce gaɓar da nake so ɗalibi ya tsaya a kai, kuma ita ce ake tsallakewa kamar ana tsince tsakuwa a shinkafa.

Na san me wasunku za su ce, tun ban gama ba: ai 'yar leƙen asiri ce, ta nemi a kashe shi, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na ji. To shi ɗan'uwan nasa fa? Shi ba nuni ya yi da yatsa ba, harbi ya yi, har ya fasa masa hannun dama. In laifin neman ran maharbi ne ma'auni, ɗan'uwan ya fi tsohuwar laifi nesa ba kusa ba. Me ya sa shi muke tausayi, ita ko a jikinmu? Don shi jininsa ne. Ita ma ai uwar wani ce ko kakar wani, a unguwar nan take kwana, amma tun da ba mu san dangantakarta da jaruminmu ba, sai ta zama kayan ado a labari. O'Flaherty bai manta da ita ba. Bayan saurayin ya zuba aidin a rauninsa ya ɗaure, marubucin ya sake nuna mana titi: motar ta ja baya da kan sojan yana reto, gawar matar tana nan a kwata. Sau biyu ya ajiye ta a gaban idonmu.

Akwai kuma abin da mai bidiyo ya juya kansa ƙasa. Ya nuna kamar nadama ta zo ne bayan an ga fuskar ɗan'uwa. Ba haka aka rubuta ba. Bayan maharbin ya yi dabarar ɗora hularsa a bakin bindiga, wadda ta sa abokin gabar ya ɗauka ya mutu har ya miƙe tsaye, maharbin ya harbo shi da ƙaramar bindiga, sai jikinsa ya ɗauki rawa, gumi ya karyo, ya tsine wa yaƙin, ya tsine wa kansa, ya yi jifa da bindigar har ta tashi ta kusa samunsa. Duk wannan bai san wa ya kashe ba. Kuma nadamar ba ta daɗe ba: ƙarar bindigar ta dawo da shi hayyacinsa, ya yi dariya, ya shanye giyar da ke aljihunsa. Abin da ya kai shi wurin gawar ma son sani ne, don ya yaba iya harbin mutumin, yana tunanin ko sun taɓa zama a runduna ɗaya kafin ta tsage. Bayan ya ga fuskar kuwa, marubucin bai ba mu hawaye ko ɗigo ba, ya rufe littafi. Kukan da ake cewa ya yi, masu taƙaitawa ne suka ƙara.

Wani zai ce Malam ka rasa abin magana sai yaƙin Turawa na shekara ɗari baya. Mu ma mun yi namu yaƙin basasar daga 1967 zuwa 1970, kuma wanda ya karanta "Girls at War" na Chinua Achebe ya san waɗanda ba su riƙe bindiga ba su ma suna cikin lissafi. Ban ce dole ku so labarin ba. Ni ma ina ganin ƙarshensa ya yi dace da yawa, a duk faɗin Dublin a ce sai ɗan'uwa. Ambrose Bierce ya fi shi ƙarfin hali a "A Horseman in the Sky" na 1889, kan yaƙin basasar Amurka, inda mai gadi ya gane mahaifinsa ne a kan doki, kuma ya ɗana kunamar yana sane.

Ga 'yan'uwana malamai, abin da nake yi a aji ba wani sirri ba ne. Labarin bai kai shafi biyar ba, ana karanta shi da baki cikin kwata ɗin awa. Ina karantawa, in tsaya kafin jimlar ƙarshe, in ce kowa ya rubuta adadin waɗanda suka mutu da dalilin mutuwar kowanne. Sai an gama gardama a kan tsohuwar nake karanta musu sauran. Wanda ya riga ya san ƙarshen, ina roƙonsa ya yi shiru, in ya ƙi ya fita ya jira mu a baranda.