Libarbar Kaboyi

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Kano lokacin da gidajen sinima irin su Rex da Plaza da Palace ke tashe, ya san libarba tun kafin ya gan ta ido da ido. A majigi muka san ta, rataye a ƙugun kaboyi. Sinimar ba rufi, mu 'yan kujerar araha muna can gaba mun ɗaga wuya, muna jiran lokacin da jarumi da bos za su tsaya a tsakiyar titi, kowa hannunsa dab da kube. Turancin ba ji muke ba, bai kuma dame mu ba. Da zarar John Wayne ko Clint Eastwood ya kanne ido, mun san magana ta ƙare.

Washegari unguwa ta cika da kaboyi. Wani ya fere karan dawa, wani ya kwaɓa laka ya gina tasa ya shanya a rana, har da kwaikwayon tulun nan na tsakiya da ake zuba harsashi, ko da yake namu ba ya juyawa. Rigimar kullum ɗaya ce: "Ai na harbe ka, ka ƙi mutuwa!" Zazzaɓin har Nijar ya kai, don a 1966 Moustapha Alassane ya yi fim kan wani saurayi da ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka bi suka addabi gari.

Galibin bindigogin da muke kwaikwayo ƙirar Colt ce ta 1873, wadda aka fara ƙerawa a Hartford ta jihar Connecticut. Shi Samuel Colt, wanda ya yi rajistar fasahar a Amurka a 1836, bai ma ga wannan samfurin ba, ya rasu tun 1862. Harsashi shida take ci, kuma kowane harbi sai an ɗana ta da babban yatsa kafin a ja kunama. Waɗanda suka san ta biyar suke zubawa su bar gurbi ɗaya fanko, don kada ta faɗi ƙasa ta tashi da kanta. Jarumin fim kuwa sai ya yi ta harbi ba ya ko sake ɗuri, mu kuma muna ta tafi, ba mai lissafi. Kamfanin ya daina ƙera ta a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, amma finafinan kaboyi da talabijin suka sa mutane suka yi ta nema, dole ya dawo da ita a 1956. Ashe abin da ya kama mu a Kano shi ya kama 'ya'yan Amurkawa, sai dai su iyayensu na iya sayen ta gaske.

A nan doka ba ta bar kowa ya ajiye libarba a gida ba. Dattawanmu sun gan ta ne a ƙugun hafsoshin Turawa, ƙirar Webley ta Ingila, da igiya ɗaure a gindinta. Abin da ake gada a wajenmu bindigar toka ce, ta maharba da ta masu tashin ƙasa da ƙara a hawan sallah.

A Amurka kuwa libarba kayan gado ce, kamar yadda takobi yake a wasu gidajen sarautarmu. Abin da ya fi burge ni a al'adar masu tara ta shi ne ba sa son a gyara ta. Wanda ya gaji ta kakansa ya kai aka goge aka sake mata launi don ta yi ƙyalli, ya karya mata daraja da hannunsa. Su koɗewar nan suke so: bakin bututun da kube ya cinye, marikin katakon da gumin tafin hannu ya mayar baƙi, da lambobin da aka buga a sassanta, waɗanda ake so su zo iri ɗaya, shaidar cewa ba a yi mata haɗe-haɗe ba. Mai ita na iya aika lambar ga ma'ajiyar tarihin Colt, ya biya, a binciko tsofaffin kundayen kamfani a rubuto masa ranar da ta bar masana'anta da dillalin da aka aika wa. Sau da yawa nan ake gane ko labarin da kaka ya bari gaskiya ne ko an sa masa gishiri.

Idan labarin ya tabbata kuwa, kuɗin sai ya ba mutum tsoro. Libarbar da jami'in tsaro Pat Garrett ya harbe ƙasurgumin mai laifi Billy the Kid da ita a 1881 an yi gwanjonta a 2021 a kan sama da dala miliyan 6, kuma wanda bai san tarihinta ba, ko a kasuwar 'yan gwangwan ya gan ta ba lallai ya taya ba.